Birkin Mai Gyara

Shekara ashirin da shida babanmu ya yi yana gyaran injuna a masana'antar katako, kuma ni a ganina ba abin da ya cuce shi kamar tsabar gaskiyarsa. Ko ƙusa ya canja sai ya rubuta a littafin gyara na kamfani, da kwanan wata, ya kai wa manaja ya sa hannu. Mama kan tsokane shi wai ko atishawa ya yi a wurin aiki sai ta shiga littafin nan.

Wata shekara zarton lantarki ya datse wa abokin aikinsa yatsu uku. Baba ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. Daga nan ya duƙufa haɗa wani ƙarfe mai sifirin wanda ke tsayar da zarto cak da zarar hannu ya matso kusa. Wata huɗu yana gwaji da guntayen itace. Da ragowar ƙarafan kamfani ya ƙera shi, kuma kowane zane a littafin gyara ya yi shi, don shi a wurinsa nan ake rubuta aiki. Ma'aikata suka raɗa wa abin suna Birkin Mai Gyara. Kamfani ya yi wa birkin rajista da sunan kamfani, Baba kuwa aka ba shi agogon bango, ya rataye a falo yana ta murna.

Bayan ya yi ritaya, sai ya ce zai ƙera wa Baffa ɗaya. Baffa ƙanensa ne, kafinta, yana da tsohon zarton lantarki a ɗan shagonsa. Da shiru Baba ya yi, wa zai sani? Amma ina, sai da ya saka kaya masu kyau ya je neman izini.

Ni na raka shi. Lauyan kamfani ya buɗe takardar ɗaukar aiki, ya nuna inda aka ce duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki na kamfani ne. Sannan ya turo littafin gyara gaban Baba.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Littafin fa?"

Baba ya daɗe yana kallon zanensa kafin ya ce na kamfani ne. Lauyan ya yi bayani cikin ladabi cewa baɗi za su fitar da birkin kasuwa, kafin nan ba a yarda kowa ya ƙera ba.

A hanya raina ya ɓaci, na ce ya ƙera kawai, kansa ne ya haifi abin ba kamfani ba. Ya ce, "'Yar nan, na sa hannu." Ya ƙulle ƙarafan da ya fara yankawa a buhu, ya tura ƙarƙashin gado.

Wata biyar bayan haka zarto ya datse hannun daman Baffa. A asibiti Baffa ne ma yake ba Baba haƙuri, yana cewa, "Yaya, ƙaddara ce." Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda irin yadda na ji game da Baba ranar ba.

Washegari da safe Baba ya jawo buhun, ya karɓi makullin shago a wurin matar Baffa. Kafin rana ta take ya ɗaura birkin a zarton da Baffa ba zai ƙara riƙewa ba. Ya tura guntun itace a madadin hannu, zarton ya tsaya cak, gwaji ɗaya.

Ya zauna a kan benci, hawaye na zuba. Wannan aikin bai rubuta shi a ko'ina ba.