Shimfiɗar Dankure

"Ba mai taɓa shi," in ji Inna Baiwa. Ta tare ƙofar ɗakin da hannu biyu.

Ta ƙarƙashin hannunta nake hango ɗanta Dankure kwance rigingine a kan tabarma, baki buɗe, yana fizgar numfashi kamar wanda aka koro daga fadama. Leɓensa ya yi toka-toka. Matarsa Riskuwa, wadda ta kira ni ta kan katanga ina tsakiyar wankin motata ta dakon albasa, tana durƙushe tana yi masa fifita da faifai.

"Inna, ki ba ni hanya don Allah. Birnin Kebbi ba nisa, ga mota nan waje."

"Motar albasa? Mutumin da anka tsaga ma baya za ka azawa bisa motar albasa, Sunusi? Ka hi ni sanin ramun hanyar ga."

Tun da na tare a Ambursa nake maƙwabtaka da Dankure. Dakon buhunan shinkafa yake yi, har ranar da ya sunkuya ya kasa miƙewa. Ni na kai shi asibiti a Sakkwato. Aka ce wani abu ne tsakanin ƙasusuwan bayansa ya zame ya danne jijiya. Suka yi masa aiki, suka haɗe ƙashi biyu da ƙarfe da kusoshi. Ranar sallama ina tsaye likita ya ja kunnensa: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki ko buta cike da ruwa, amma kullum ya tashi ya taka, ko da zagayen tsakar gida ne, don yawan kwanciya yana daskarar da jini.

Inna ba ta karɓi wannan ba. Marigayi mijinta maɗori ne a garin Gulma, ta ga karaya iri-iri. "Ƙashi ba shi kamawa ana yawo," ta ce, ta yi masa shimfiɗa, ta ɓoye takalmansa. Salla ma a kwance yake yin ta. Da na zo dubiya na ce ya tashi mu ɗan taka, dariya ya yi.

"So kake tsohuwa ta bi ni da muciya da gemuna? Bari dai ta gaji ta sake ni."

Makon jiya ƙaurinsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi. Inna ta ce ciwon ne yake sauka zai fita ta ƙafa, ta shafe shi da man kaɗe. Ga shi yau abin ya hau ƙirji.

"Sunusi," Dankure ya kira ni, muryar da ƙyar take fita. "Iska... ba ta isa."

Riskuwa ta ajiye faifan ta miƙe.

"Inna, tun da nis shigo gidan ga ban taɓa ƙetare maganarki ba. Yau ki gahwarta mini."

Ta kama hannun tsohuwar ta sauke shi daga jikin ƙofa, a hankali. Ban tsaya ba. Na ɓalle ƙyauren ɗakin, na kira maƙwabta biyu, muka mirgina shi a kai yadda aka nuna mana a asibiti, kafaɗa da ƙugu tare. Muna ɗora shi a bayan a-kori-kura Inna ta biyo mu ba ɗankwali.

"In wani abu ya same shi, kai ad da shi, Sunusi. Allah na gani."

Na tayar da mota. Riskuwa na baya, ta tallafe masa kai.

Ban taɓa jin tsoron titi irin na ranar ba. In na taka mota, rami ya girgiza shi, na jiyo nishinsa har gaba. In na rage gudu, Riskuwa ta doki rufin mota tana cewa, "Ƙara mai, ƙara mai, shina tahiya." Garken shanu ya tare mu, na danne hon har makiyayin ya zage ni. Muka wuce. Ta ci gaba da dukan rufi, ni kuma ina kauce wa rami ina faɗawa wani.

Muna hango gidajen farko na Birni dukan ya tsaya.

Na duba madubi. Ta cire mayafinta tana lulluɓa masa.

Duk da haka na kai shi. Wata likita ta hau bayan motar, ta duba idonsa, ta ga ƙafar, ta daɗe tana kallonta.

"Da alama gudan jini ne ya taso daga nan ya toshe huhu. Ba hanya ce ta kashe shi ba. Yana takawa kuwa bayan aiki?"

Ni da Riskuwa muka dubi juna. Da likitar ta sauka, Riskuwa ta matso, idonta a bushe.

"Malam Sunusi, wagga magana ta tsaya nan. In Inna ta ji shimhiɗarta ta kashe mata ɗa, gawa biyu za mu yi. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata.

Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Washegari da hantsi muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, na lura masu zuwa suna miƙa wa kowa hannu, in sun iso kaina su gajarta gaisuwar. Maganar motar albasa ta riga ta zaga unguwa.

Sai ga babur ya tsaya. Wani ƙato ya sauko, ban taɓa ganinsa ba, wandonsa da busasshen laka har gwiwa. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa Tamba ne, yayan Dankure, masunci a Argungu. Bai cire takalmi ba, bai ɗaga hannu an yi addu'a ba. Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane na Sunusi cikinku?"

Labulen zaure ya ɗan motsa. Riskuwa ce a bayansa, rabin fuskarta kawai ake gani. Ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, sannan ta saki labulen.