Muryar Sa'adu Mashayi

Sakina, matar Sa'adu, ta gitta taɓarya a ƙofar zaure, ta tsaya a bayanta.

"Ba ka shiga."

Malam Yunus ya sauke jakarsa daga kafaɗa. Ma'aikaci ne daga Damagaram, cikin masu tattara tarihin shaye-shaye suna ajiyewa. "Inna, dubiya na zo. An ce jikin Baba Sa'adu ya yi tsanani."

"Ni ban haifi mai tonon gyambo ba. Wa ya tsananta shi?"

Duk Matameye an san Sa'adu da kwalba tun zamanin da yake zuwa ci-rani Kano. Amma ya tuba, har ya yi damina biyu cikin sahun masallaci. Sai ga wannan yaro da salularsa yana ɗaukar murya: ina kuke sha, yaya ɗanɗanonta, wace waƙa kuke yi? Sa'adu ya ba da labari yana dariya har da hawaye. Ran kasuwa ya fita sayen igiya, aka kawo shi a amalanke a buge. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ga shi yanzu ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa.

"Don na baya su ɗauki darasi muke ajiyewa," in ji Yunus.

"Darasi! Jikokina su je su ji kakansu yana waƙar ƴan giya? Ka shafe ta."

"Ta riga ta shiga ma'ajiya, Inna. Ba a hannuna take ba."

"To Allah ya isa."

Daga ɗaki murya ta fito, siririya kamar zare. "Sakina, bar shi. Ban gama ba."

Ta daɗe tana kallon taɓaryar. Sannan ta miƙa hannu. "Kawo abin. Kai ka tsaya nan, da kai da akuyar gidan nan matsayinku ɗaya."

Ya kunna mata. Ta shiga, ta ajiye salular a tabarma kusa da bakin mijinta. Sa'adu ya buɗe baki, numfashi ya ƙi ba shi hanya. Ya ɗaga yatsa ya nuna Sakina.

"Ke faɗi."

"Ni? Wallahi ba za ka ji daɗi ba, Malam."

Ya gyaɗa kai.

Ta kuwa faɗa. Rumbun geron da ya sayar tun ba a yi shuka ba. Ranar ɗaurin auren ƴarsu Basira, da aka nemi uban amarya aka tsinto shi a bayan tasha. Haƙorinta na gaba, ita Sakina, da ya karya mata, da yadda ta ce wa maƙwabta a bakin rijiya ta zame. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rage komai ba. In za ka faɗi, faɗi gaskiya. Shi kuwa yana riƙe da bakin zanenta.

Ba ta san lokacin da ya saki ba. Ta rufe masa idanu, ta ɗaure haɓa, ta yi salati. Maƙwabciya Halima ta ji, dakan da take yi ya tsaya.

Sakina ta leƙo zaure. "Ya cika. In an fita da shi ka ɗauki abinka. Ka ajiye muryata jikin tasa. Duk wanda zai ji waƙar, ya ji ni."

Ta koma ɗora ruwan wanka. Salular tana nan a tabarma ba a kashe ba, ƙuda ɗaya yana yawo a kan gilashinta.