Matakalar Gidan Bu Tumirah

Shekara goma sha huɗu Warsini tela ta yi tana haya a ɗakin sama na gidan Bu Tumirah, a wani lungu na birnin Semarang da ko mota ba ta shiga. Ɗaki ɗaya ne da banɗaki da ɗan baranda, hanyarsa kuma ɗaya: matakalar ƙarfe ta waje, wadda marigayi mijin Bu Tumirah ya sa aka haɗa tun 'ya'yansa suna goye. Indararon rufin ya tsage daidai kanta, don haka duk damina a kan taki na goma sha ɗaya ruwa yake sauka. Tsatsa ta cinye shi har ana hango ƙasa ta cikinsa. Kowa ya san da zamansa. Mai kawo ruwan sha ma in ya zo wurin sai ya buɗa ƙafa ya tsallake.

Ta yi magana ba sau ɗaya ba. "Bu, ƙarfen nan fa ya gaji." Amsar kullum ita ce, "Bari Sigit ya zo, Mbak, shi ya san kan waɗannan abubuwan." Sigit ɗan Bu Tumirah ne, a Jakarta yake aiki, sai da salla ake ganinsa. A can "Bu" da "Mbak" kiran girmamawa ne ga mata, kamar a ce Inna da Yaya.

Wata Talata da safe, bayan an ɗauke ruwa, Warsini ta rungumo kayan makarantar da ta gama ɗinkawa, sun tokare mata haɓa, ba ta ganin ƙafarta. Ta ɗauka ta riga ta wuce wurin. Ƙarfen ya ce ɓaras, ƙafarta ta dama ta zurma har gwiwa, jikinta ya tafi gaba. Ƙashi ya karye wuri biyu.

Kwana shida ta yi a asibiti, aka sallamo ta da filasta daga tafin ƙafa zuwa cinya. Maƙwabta maza uku suka ɗora ta a kujera suka hau da ita, suna nishi, suka bi ta kan wani katako da aka ɗaure da waya a inda takin ya ɓalle. Suka ajiye ta, suka yi mata sannu, suka sauka. Sai da ƙarar takunsu ta ɓace sannan ta fahimci an kawo ta inda ba za ta iya fita ba.

Keken ɗinkinta na ƙafa ne, ga shi nan a gabanta ba halin takawa. Ta taga bangon maƙwabta kawai take gani, da tankin ruwa, da ɗan tsirin sama. Tana jin mai sayar da taliya yana buga kwanonsa da cokali ya wuce, tana jin yara sun taso makaranta. Masu kawo ɗinki suka daina hawowa, sai dai su tsaya a ƙasa su ɗaga murya, "Ya jiki, Mbak?" su juya. Ranar da likita ya ce ta koma ta zo ta wuce, domin masu ɗaukarta duk suna wurin aiki.

Mutum ɗaya ce ke hawa kullum, safe da yamma: Bu Tumirah, da shekarunta kusan saba'in da ciwon gwiwa, riƙe da kwanon shinkafa da soyayyen tempe na waken soya da miyar alayyahu. Ta zauna bakin gado tana haki, ta ɗebo mata ruwa, ta kwashe kwanuka. Maganar matakala kuwa ba mai tada ita.

Ranar Lahadi Ratmi, 'yar ƙanwar Warsini, ta zo daga garin Ungaran da mijinta Handoko, wanda ke aikin akawu a wani kamfanin inshora. Kafin ma ya gaishe ta ya ɗauki hoton katakon da wayarsa.

"Inna, wannan sakacin mai gida ne ƙarara," in ji shi. "Kin faɗa mata, ba ta gyara ba. Akwai lauyoyin da ke taimaka wa talaka kyauta. Diyya haƙƙinki ce."

"In kai ƙarar wadda take ciyar da ni?"

"Ai tsoro ne ya sa take ciyar da ke."

"Kai dai ka iya bakinka. Ku da ke Ungaran, wa zai hawo min da abinci gobe? Takardar kotu zan ci?"

Ratmi ta ce, "To Inna, in ƙafar ta warke a karkace fa? Da me za ki taka keken?"



Bayan kwana uku Bu Tumirah ta hawo da abinci, da wata takarda a ninke ƙarƙashin kwanon. Ta daɗe tana gyara ɗankwalinta kafin ta miƙa.

"Sigit ne ya aiko. Wai ki sa hannu, Mbak. Ya ce ba wani abu ba ne."

Warsini ta sa tabarau ta karanta. Takardar ta ce ta faɗi ne saboda kayan da ta ɗauko sun rufe mata ido, kuma ba ta taɓa sanar da mai gida wata matsala ba.

"Bu, ban taɓa faɗa miki ba?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Kin faɗa."

"To yaya zan sa hannu?"

"Ya ce in kika je kotu gidan za a sayar. Ni ina za ni? Nan aka yi wa mijina wanka." Ta share ido da bakin zane. "Ki ci abincin, zai huce."

Warsini ta ci, don yunwa ba ta san zuciya ba. Ba ta sa hannu ba, ba ta kuma kira lauya ba. Kwana biyu tana kallon rufi. A na uku ta ja jiki zuwa baranda ta aika a kira mai unguwa, Pak Darsono.

Pak Darsono mutum ne mai jiki. Ya zo ya tsaya gindin matakalar, ya girgiza ta da hannu ɗaya, ta yi ƙara tun daga sama har ƙasa.

"Ni kam ba zan hau wannan ba," ya ce. "Ina da jikoki."

Don haka aka yi zaman sulhun a haka: shi da Bu Tumirah da Handoko a tsakar gida, Warsini a baranda da ƙafarta a miƙe kan bokiti, Sigit a waya an buɗe murya, rabin lungun kuma a bakin ƙofa.

"Ita ta ɗauko kaya fiye da ƙarfinta," in ji Sigit.

Wata maƙwabciya ta cafe daga ƙofa, "Kai da ka zo da salla ba tsallakewa ka yi ba? A idona!"

Aka kwashe da dariya. Kafin la'asar an tsayar da magana: Sigit zai biya kuɗin asibiti, zai sake matakalar gaba ɗaya, ita kuma ba za ta je kotu ba. Handoko ya ce an cuce ta. Ita dai ta gaji, ta ce ta yarda.

Masu walda suka zo ran Litinin suka yanke tsohuwar matakalar suka kwashe, suka ce sabuwa kwana uku. Ƙarfen bai iso ba. Kwana tara ƙofar barandarta a buɗe take ga iska, ba komai a ƙarƙashinta. Guga aka ɗaura mata da igiya, maƙwabta suna zuba abinci tana ja. In ta ji ƙaurin wani abu daga ƙasa sai ta tuna gobara, ta fara lissafin tsawon igiyar. Bu Tumirah takan fito shanya, ta ɗago kai, su haɗa ido, ta koma ciki. Sigit ya hana ta magana da ita.

Sabuwar matakala ta yi kyau, har da abin riƙewa da shuɗin fenti. Ta kanta aka sauke Warsini aka kai ta aka cire filastar. Ƙafar ta haɗe, amma idon sawun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa yadda fedar keken take so. A satin ne kuma saƙon Sigit ya iso: yana buƙatar ɗakin ƙarshen wata, za a gyara shi a sa 'yan jami'a.

Handoko ya zo da motar ɗaukar kaya ya tsayar da ita bakin titi. Warsini ta sauko da sanda, taki ɗaya ɗaya. Bu Tumirah tana tsaye a ƙofar kicin, hannunta duk garin shinkafa.

"Ki yafe ni, Mbak."

"Allah ya yafe mana, Bu. Ki ce masa indararon har yanzu yana zuba."

A Ungaran Ratmi ta ware mata rabin falo. Wani makaniki ya sa wa keken ƙaramin inji, ta koyi takawa da ƙafar hagu. Wata biyu ta yi kafin ɗinkinta ya dawo a miƙe.