Ranar da Anselmo Ya Ga Fuskar Evaristo

Duk Lahadi bayan cin rana, tsofaffi huɗu kan zauna a ƙarƙashin mangwaron gidan Anselmo a birnin Barankiya su buga foka, wani wasan karta na zubi. Da wake suke yi, domin matarsa Nubia ta ce ba a gidanta za a yi cacar kuɗi ba. A 'yan shekarun nan yanar ido ta dushe wa Anselmo gani, katin hannunsa ma sai ya kai shi dab da hanci, na tebur kuwa karanto masa ake yi. Wannan ce Lahadin farko bayan an yi masa aikin idon.

Da rabon kati ya zagayo kansa, shi ne na ƙarshen magana, kowa sai ya nuna niyyarsa kafin shi. Ya ɗaga katinsa, masu lamba tara ne guda biyu. Ba abin tunƙaho ba ne, ba kuma na yarwa ba. Ganin babu wanda ya zuba da ƙarfi, sai ya tura wake cike da tafin hannu. Mutum biyu suka ajiye katinsu suka koma kan soyayyiyar ayaba. Evaristo, yayan Nubia, shi kaɗai ya bi shi da zubi daidai da nasa.

Aka buɗe kati uku: sarki, takwas, uku. Taransa sun fi takwas, amma in akwai sarki a hannun Evaristo, Anselmo ya sha ƙasa. Evaristo ya ƙwanƙwasa tebur, alamar ya wuce. Anselmo ya ɗaga kai don ya karanci fuskarsa kamar yadda ya saba a da, nan take lissafin ya kwance masa. Mutumin da ya sani da ƙiba da kumatu ya zabge. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muryar ce kaɗai ba ta sauya ba, ita ce ta yi ta ruɗinsa duk tsawon lokacin nan. Ya waiwayi Nubia a bakin kicin, ta sunkuyar da kai.

Ya kamata ya ƙara zubi, ya sani. Sai ya wuce. Kati na huɗu ya fito biyar, Evaristo ya sake ƙwanƙwasawa, shi ma ya sake.

Evaristo ya dube shi a kaikaice. "Kai, mijin ƙanwata, idon aka gyara maka ko zuciyar aka cire? Da kana lalube ka fi haka iya wasa."

"Lissafi nake yi, Yaya."

"Ƙarya kake. In tausayi ne, riƙe abinka, na ƙoshi da shi a gida. Nan wasa na zo."

Kati na ƙarshe biyu ne. Evaristo ya turo rabin wakensa. Anselmo ya daina kallon wuyan rigar, ya koma tunanin mutumin da ya sani tun suna samari a tashar jiragen ruwa. Evaristo bai taɓa iya zama shiru da sarki a hannu ba. Anselmo ya bi shi, ya buɗe taransa. Takwas da bakwai ne a hannun Evaristo.

Evaristo ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ɓarawo ya dawo, kowa ya kama aljihunsa. Anselmo ya kwashe waken kaf.

Ana harhaɗa kati Evaristo ya faɗa masa, kamar mai ba da labarin wani, cewa ciwon hanta ne ke cinsa, kuma shi ya hana a gaya masa. Ran Laraba zai koma asibiti. Anselmo ya ce zai raka shi. Evaristo ya ce to, amma ya zo da karta, layin yana da tsawo. Nubia ta kawo kofi, ta zuba wa yayanta rabin kofi kawai, yana mita yana sha.