Saƙon da Aka Shirya wa Matar Yaya

Ina cikin watannin gwaji a kamfanin sayar da kayan jarirai aka ba ni aikin farko mai nauyi. An ce in haɗa manhajarmu da rumbun bayanan masu saye da ke kan intanet, wanda a ofis muke kira "gajimare", ta yadda za ta riƙa zaɓo iyaye da kanta tana aika musu saƙon talla. Na rubuta umarnin binciken a tsanake: duk wadda ta sayi kayan haihuwa a 'yan watannin baya, a aika mata da cewa, "Jaririnki ya kusa fara zama, zo ki zaɓa masa kujera."

Ranar ƙaddamarwa, Madam, shugabar sashen talla, ta shige ɗakin taro da daraktoci domin su kalli saƙonnin suna fita a babban allo. Ni kuwa ina teburina kusa da taga, ina bin sakamakon layi-layi, kamar yadda na saba da komai.

A nan na ga lambar matar Yaya.

Ni na kai ta shagonmu tana da tsohon ciki, har na samo mata rangwame. Jaririn bai zo da rai ba. Tun daga lokacin Inna ta ɗaure kayan jaririn ta ɗora a kan kabad, ba wanda ya sake ambata su a gidanmu. Sai a makon da ya wuce matar Yaya ta fara fitowa tsakar gida.

Na yi ƙoƙarin cire layin, manhaja ta ƙi, domin izinin karantawa kaɗai nake da shi. Gyara umarnin kuma sai Babban Injiniya ya amince, shi ko yana cikin jirgi, wayarsa a kashe.

"Ɗan Difloma, lafiya kake gumi cikin sanyin nan?" in ji Dogo, mai zana tallace-tallace, da ke zaune kusa da ni. "Ko gajimaren naka ne ya fara zubar da ruwa?"

Na nuna masa lambar, na faɗa masa ko ta wace ce. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kira gida su ɓoye wayar mana."

Na kira Inna, ba ta ɗauka ba. Yaya yana wajen aiki. A kusurwar allo aka rubuta cewa an fara aikawa, layuka suka soma komawa kore daga sama, alamar saƙonsu ya tafi, suna gangarowa.

Abu ɗaya ya rage a hannuna: soke makullin sirrin da na haɗa manhajar da rumbun da shi. In na yi haka komai zai tsaya, har allon da daraktoci suke kallo.

"Ka san takardar tabbatar da kai a aiki ba ta fito ba tukuna," Dogo ya ce a hankali.

Na sani. Na danna.

Koren ya tsaya, saura kaɗan ya kai lambarta.

Ban gama sauke numfashi ba na ji ƙarar takalmin Madam. Ta tsaya a kaina.

"Wa ya kashe min allo a gaban mutane?"

Na miƙe, na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon layukan da suka riga suka zama kore.

"Cikin waɗannan da aka aika wa, akwai irinta?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Rumbun ya san abin da suka saya ne kawai."

Ta ja kujerar Dogo ta zauna.

"Kada ka kunna," ta ce. "Batunka kuma, sai Injiniya ya sauka."