Sihirin Miyar Lalo

Takardar da suka haɗo ni da ita tare da gawar ɗana Shukri daga gidan yari ta ce ciwon ƙirji ne ya kashe shi. Ban iya karatu ba, maƙwabciyata ce ta karanta mini a kan matakala, na sa ta maimaita. Ciwon ƙirji, wai. Yaron da tun yana ƙarami yake iyo daga gaɓar teku ta unguwar Anfushi har inda jiragen masunta suke tsayawa, ya dawo ko haki ba ya yi. Ni na shafa fuskarsa kafin maza su ɗauke shi, na ga abin da ke bayan kunnensa da gefen wuyansa. Sawun takalmi ne. Shekaruna nawa ina gyaran kifi a kasuwa, na san naman da aka daka.

A ƙasan takardar akwai sa hannun wanda suke ɗaki ɗaya a gidan yari. Ya shaida cewa ya ji Shukri yana jan numfashi da ƙarfi, daga nan ya faɗi. Sunan shaidar Midhat.

Midhat dai na san shi kamar yunwar cikina. Mai sayar da magani ne a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa, ya girmi Shukri nesa ba kusa ba, bai taɓa aure ba, yana da gashin baki kamar tsintsiyar shara. Shi ne uban wasan nan nasu. Duk Juma'a bayan la'asar sai su taru a shagon shayi, ƙarti da gemu, su kewaye tebur. Midhat yana ba da labarin wata ƙasa da babu ita, mai dodanni da sarakuna, kowane ɗayansu yana da mutuminsa a cikin labarin. Mutum ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ya jefa ɗan lido, Midhat ya yanke ko ya yiwu ko bai yiwu ba. In an tashi, sau da yawa gidana suke ƙarewa, su cinye mini tukunya.

Sauran duk jarumai suka zaɓa, masu takubba da masu kiran tsawa. Nawa ɗan, boka ya zaɓa, bokan ma na banza. Ba ya ƙona gari, ba ya tayar da matacce. Sihirinsa ɗaya yana hana shayi hucewa. Wani yana sa takalmin abokin gaba ya riƙa kukan agwagwa duk inda ya taka. Akwai wanda yake nemo ɗan'uwan silifa in ya ɓata, akwai wanda yake sa akuya ta yi wa mutum sallama cikin ladabi. Na ce masa ko a ƙarya ma ba za ka zama babban mutum ba? Ya yi dariya ya ce manyan bokaye su ake fara kashewa, shi kuwa kowa yana son ya zauna kusa da mai shayi da zafi.

A shagon shayin nan aka kwashe su, wai taro ba izini. Wasu iyayensu sun san mutane, aka sake su. Shukri da Midhat suka wuce ciki. Na yi ta bin layin ziyara da kwanon abinci har rani ya shige, sanyi ya shigo. Ran nan na kai ƙofa aka ce in koma gida za a neme ni. Ba a jima da binne Shukri ba aka saki Midhat.

Lauyar da ta karɓi maganata, Ustaza Nahed, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce idona ba shaida ba ne a wurin alƙali, ni uwa ce, kowace uwa haka take cewa. Muddin sa hannun Midhat yana kan takardar nan, an rufe magana. Sai in shi da bakinsa ya tsaya a kotu ya ce ba haka aka yi ba. In bai tsaya ba, Shukri ya mutu da ciwon ƙirji har abada, wanda ya taka shi kuma zai ci gaba da zuwa aiki yana karɓar gaisuwa.

Na je gidansa, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali ga rigarsa a shanye. Na je masallacinsu, ya canza masallaci. Sai na tafi kantin, da ƙarnin kifina da komai, na tsaya a gaban mutane na ce a ba ni maganin ciwon ƙirji, irin wanda yake fasa bayan kunne.

Ya rame har gashin bakin ya fi ƙarfin fuskar. Ya ja ni bayan kanti inda suke ajiye kwalaye, yana ta Hajiya ki rufa mini asiri. Na ce wane asiri, kai da ka ci abincina har ka san inda nake ajiye gishiri? Na kira shi matsoraci, na kira shi tsintsiya, na ce Allah ya isa tsakanina da kowace loma da ta wuce maƙogwaronsa a gidana. Bai musa ko ɗaya ba. Ya dai nuna mini hannayensa, yatsu biyu sun karkace, ya ce da wannan hannun ya sa hannu, kuma sun gaya masa ƙofar da ya fita ba a rufe ta ba.

Daga nan ya ciro wani abu daga aljihu ya miƙo mini. Ɗan lido ne, amma na cikin burodi, an murza an shanya ya bushe kamar dutse, an ɗiga masa idanu da tokar sigari. Ya ce Shukri ne ya yi shi. Wai a ciki ma sun ci gaba da wasan, da rana bayan an ƙirga su, mutanen ɗakin duka suka shiga, har wani tsohon direba da bai taɓa jin irinsa ba. Wai Shukri ya ƙirƙiro sababbin sihiri: wanda yake sa kwarkwata su jeru kamar sojoji su fice ta ƙarƙashin ƙofa, wanda yake sa minsharin mutum ya koma waƙar biki, wanda yake sa waken gidan yari ya ba da haƙuri kafin a ci shi. Yana faɗa yana ɗan murmushi, shi a tunaninsa ta'aziyya yake yi mini.

Na buge hannunsa, abin ya faɗi cikin kwalaye.

“Ba tatsuniya na zo saya ba, Midhat. Kotu za ka zo ko ba za ka zo ba?”

“Ba zan iya ba, Ummu Shukri. Ki tsine mini, na cancanta. Ba zan iya komawa can ba.”

Na bar shi a durƙushe yana laluben burodinsa.

Na yi kwanaki ina juya abin. Zagi bai motsa shi ba, don ya riga ni zagin kansa. Sai na aika masa cewa ya zo ya ci abinci a gidana sau ɗaya, kamar da, daga nan zan sake shi, ba zai ƙara ganina a kantinsu ba. Na kuma kira Ustaza Nahed na ce ta zo ta zauna. Dabarata ba ta wuce in zaunar da shi a kujerar Shukri, lauya tana kallonsa, in ga ko kunya za ta yi abin da zagi ya kasa ba.

Ya zo bayan azahar. Da ya ga lauyar ya tsaya a bakin ƙofa, na ce shigo, ba ta cizo, ni ce mai cizo. Ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran allura. Ustaza ta yi masa magana a hankali, ta kawo doka ta kawo lada, shi dai kansa a ƙasa yana cewa Allah ya sani. Na gaji da ji, na shiga kicin, ƙofa a buɗe.

Miyar lalo na yi, don ita ce a gidan. Na yanka ganyen tun safe, romon yana tafasa, na soya tafarnuwa da kayan ƙamshi har ta yi ja. Kowace mace a unguwarmu ta san in za a juye tafarnuwar nan a cikin miya sai an ja numfashi da ƙarfi, kamar wadda aka tsorata, in ba haka ba miyar ba ta haɗuwa. Haka uwata ta yi, haka na taso ina yi, nawa kuma har a bene na uku ana ji. Ban ma san na yi ba. Na juye, na ja.

Sai na ji kujera ta faɗi a falo.

Na fito da ludayi a hannu na tarar da Midhat a tsaye ya dafa bango. Ustaza ta miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Ni yake kallo.

“Haka ya yi,” in ji shi. “Wallahi haka ya yi, sak.”

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya yi ta zubowa. Ya ce ranar Shukri ya zo da sabon sihiri, wanda zai cika ɗakin da ƙamshin miyar lalon uwarsa. Mutanen ɗakin suka ce a yi, a yi. Shi Midhat, da yake shi ne mai yanke hukunci a wasan, ya ce kowane sihiri da sharaɗinsa, wannan ba zai kama ba sai boka ya ja numfashi yadda Ummu Shukri take ja. Shukri ya ja a hankali saboda masu gadi. Midhat ya ce wannan ai na amarya ne, miyar ta tsinke, a sake. Sai Shukri ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙugu yadda nake riƙewa, ya ja da dukan ƙirjinsa. Ɗakin ya fashe da dariya, tsohon direban har da hawaye, yana rantsuwa ya ji tafarnuwa.

Dariyar ce ta kawo mai gadi. Ya buɗe ƙofa ya ga ɗan lido a hannun Shukri, ya ce caca. Shi da wasu masu gadi biyu suka ja Shukri waje. Ba su ko yi nisa ba, a nan bakin ƙofar ne, ana jin komai. Midhat ya faɗi sunan wanda ya fara, ya faɗi sunan wanda ya ƙarasa. Da suka kawo takarda suka tambaye shi ko bai ji yaron yana jan numfashi ba, ya ce ya ji. Suka ce to sa hannu.

“Ni na ce ya sake,” ya ce. “Da na bar na farkon ya wuce, da yanzu yana nan yana cin miyar nan.”

Ustaza Nahed tana ta rubutu, ba ta ɗaga kai ba. Ni kuwa ban rarrashe shi ba, ba kuma zan ce na ji tausayinsa a lokacin ba. Na ce masa wasa kuka yi, wasa bai taɓa taka wuyan kowa ba, kada ka ɗauke wa masu takalmi kayansu ka ɗora wa kanka don ka samu wurin ɓuya. Abin da ka faɗa a falona, shi za ka faɗa a gaban alƙali, har da riƙe ƙugun. Na ɗaga kujerar na ce ya zauna ya ci. Ya ci yana kuka, na ƙara masa.

Ranar zaman kotu ban yi zaton zan gan shi ba. Sai ga shi da tsohuwar kwat, ya aske gashin bakin, ban gane shi ba sai da ya gaishe ni. Ya tsaya ya faɗi duka, da bokan, da kwarkwata, da miyar. Wasu a bayan ɗakin suka fara dariya, da ya kai kan sunayen suka yi tsit. Alƙali ya sa aka rubuta, ya ce a sake buɗe bincike, ya ɗaga zama. Ustaza ta matse hannuna ta ce takardar ciwon ƙirji ta mutu. Na ce saura masu takalmin.

Har yau ba a taɓa su ba. An ɗaga zama, an sake ɗagawa, ni kuma ban fasa zuwa ba, magatakarda ya san muryata tun daga ƙofa. Midhat kuwa ba a yi sati ba suka je kantin suka tafi da shi, wai an samu sabon zargi a tsohuwar maganarsa. 'Yar'uwarsa ɗaya ce, tana can kudu da 'ya'ya, ba ta iya zuwa.

Don haka na koma layin ziyara, wuri ɗaya, rana ɗaya, da kwanon nan dai. Matan layin suna tambaya ɗana ne a ciki, in ce a'a, shaidata ce, ina kiwonsa don kada ya mutu kafin a gama. Mai binciken abinci yakan tsoma cokali ya juya miyar yana yatsina, in ce juya da kyau, ɗan nan, ba a ɓoye komai a lalo.

Ɗan lidon yana wurina, Midhat ya bar wa Ustaza ta ba ni kafin a kama shi. Yana kan kanta kusa da gishiri. Ranar ziyara nakan tashi in yanka ganye, in soya tafarnuwa, in na zo juyewa in buɗe taga, in ja yadda duk unguwa za ta ji.