Jan Biron Baba da Takardar Yaya

Baba ya yi shekara talatin da biyu a ɗakin magani na asibiti, kuma har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙwaya ya ce ba ita ba ce. Jan Biro ake kiransa a wurin aiki, don kuwa duk takardar da likita ya rubuto, sai ya bi ta layi-layi. In ya ga lambar da ba ta kwanta masa ba, sai ya zagaye ta da ja, ya jefa ta aljihun tebur, ya ce mara lafiya ya jira. Likitoci da yawa sun ji haushinsa, amma da yawansu shi ya rufa musu asiri. Ni autarsa ce, na kuma gaji bakinsa, sai dai ban gaji haƙurinsa ba.

Yayata tela ce. Shekara uku ke nan da ciwo ya kama mata gaɓoɓi, irin wanda likitoci ke cewa garkuwar jiki ce ta rikice ta koma faɗa da mai ita. Yatsunta suka kumbura, da safe ko murfin kwalba ba ta iya murɗawa. An ba ta magani iri biyu, na farko ya hana ta cin abinci, na biyu kuma gwajin jini ya nuna hanta ba ta so. Keken ɗinkinta ya yi wata bakwai lulluɓe da zani, har ta fara cewa gara ta bai wa wata mai hannu. Duk ranar da ta faɗi haka sai in ji kamar in fasa wani abu.

Ran nan muka dawo daga asibiti da sabuwar takarda. Likitar Yaya, wata 'yar siririya mai magana a hankali, ta ce akwai wani magani da asali ba don wannan ciwo aka yi shi ba. Masu fama da shaye-shaye ake ba shi. Amma wasu likitoci suna gwada ɗan mitsitsin awo daga cikinsa ga masu irin ciwon Yaya. Ta faɗa mana gaskiya: ba a gama bincike a kansa ba, wasu sun ji sauƙi, wasu ba su ji komai ba, kuma za ta riƙa duba Yaya duk wata. Yaya ta ce ta yarda.

Muna shiga gida Baba ya miƙo hannu, kamar yadda ya saba. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Ɗaya da rabi?" ya ce. "Wannan ƙwayar miligiram hamsin take zuwa. Na ba da ita da hannuna ya fi a ƙirga. Yarinyar nan da ta rubuta hannunta ya zame. Kuma me ya haɗa 'yata da maganin 'yan ƙwaya?"

"Baba, ta yi mana bayani fa," na ce.

"Ke kika karanta aikin ko ni?"

Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya zagaye lambar, ya buɗe aljihun teburin falo ya jefa takardar, ya ce a jira. Ya manta cewa a gida yake, ba likitan da zai biyo sawu ya zo neman takardarsa. Haka ta kwanta a nan kwana goma sha tara, tsakanin tsofaffin batura da makullan da ba a san ƙofarsu ba. Yaya ba ta iya yi wa Baba musu. Ni na iya, na kuwa yi, har Mama ta ce in ban rage murya ba maƙwabta za su zaci gobara ce.

Abin da ya ɗaga shi ba surutuna ba ne. Wata safiya ya tarar da Yaya tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da bayan hannu, ya tsaya yana kallo. Sai ya shiga ɗaki ya saka rigarsa mai aljihu biyu, ya ce mu tashi, zai je ya nuna wa likitar kuskurenta da kansa. Kafin mu fita ya ce Yaya ta juye jakarta a kan tebur. Wannan ma tsohuwar ɗabi'arsa ce, ba ya sallamar mutum sai ya ga duk abin da yake sha. Ya tattara kwalaye da ƙunshe-ƙunshen magani a leda ya riƙe.

A ofishin likita kujera biyu ce, Baba ya ƙi zama. Ya ajiye takardar da jan zagayenta a gabanta.

"Likita, ba don raini ba. A duba wannan lambar."

Ta duba, ta yi murmushi. "Baba, daidai na rubuta. Ɗaya da rabi za ta fara, mu ƙara kaɗan-kaɗan, ba za mu kai ko biyar ba. In aka ba ta hamsin, wani aikin daban ke nan."

Ta juyo masa da allon kwamfutarta, ta nuna masa rubuce-rubucen da ta dogara da su, har da waɗanda suka ce ba su ga amfani ba. Baba ya ja kujera ya zauna. Ya yi kusan minti ashirin yana karatu, yatsa a kan allo, mu kuwa muna kallon silin. Da ya gama sai ya cire tabarau.

"Ni ne na yi kuskure," ya ce. "Na riƙe mata magani kwana goma sha tara a banza. Likita, ki yafe ni, ke ma ki yafe ni." Ya juya wajen Yaya.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ban gama mamaki ba ya buɗe ledar, ya zaro wani kwali ya ɗora a kan tebur.

"Amma wannan fa, kin san tana sha?"

Fuskar likitar ta canza. Maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, wata maƙwabciya ta ba Yaya, take haɗiya in ciwo ya ci ƙarfinta. Kunya ta hana ta faɗa ranar da aka tambaye ta.

"Waɗannan biyun ba sa zama a jiki ɗaya," in ji Baba. "Ko ɗan mitsitsi ne."

"Gaskiyarka, Baba," likitar ta ce. "Da ta fara a kan wannan, da mun sha wahala. Sai ta daina shi tukuna, jiki ya washe." Ta dubi Yaya. "'Yar'uwa, don Allah kar ki ƙara ɓoye min komai."

Wallahi a wurin nan kaina ya yi girma, har na manta fushin da nake yi da shi.

Saura matsala ɗaya: ba a sayar da awon ɗaya da rabi, sai an haɗa. Muka zaga kyamis huɗu, kowa ya ce shi sayarwa ya sani. A ƙarshe Baba ya kai mu wajen wata mata da ya koya wa aiki tun tana sabuwar ɗauka, yanzu tana da babban shagon magani da izinin haɗawa. Ta ce ta daɗe ba ta yi ba. Baba ya ce shi bai manta ba. Ta ba shi farar riga, ya tsaya a kanta a ɗakin baya, tana niƙa a ɗan turmin tangaran, tana aunawa a sikeli, shi kuma yana cewa a sake. Kafso talatin suka cinye musu yini guda. Da muka fito ta ce min, "Mahaifinki bai canza ba, har yanzu gabana faɗuwa yake in ya yi gyaran murya."

Ba zan ce an yi abin al'ajabi ba. Watan farko ba abin da Yaya ta samu sai mafarkai barkatai. Wata na biyu ta ce taurin safiya ya ragu, ni kuwa na ɗauka tana faɗa ne don Baba ya ji daɗi. Likitar ma ta ce kar mu yi saurin murna, ciwon yakan lafa da kansa ya dawo. Baba ya sayi littafi yana rubuta kowace rana: awo nawa, kumburi yaya, barci yaya. Ranar asibiti shi ke gaba da littafinsa a hammata.

A wata na huɗu, muna shirin fita, maɓallin wuyan rigar Baba ya tsinke ya gangara ƙarƙashin kujera. Na durƙusa na ɗauko, na ce ya cire rigar in kai wa telan bakin titi.

"Kawo nan," in ji Yaya.

Na miƙa mata maɓallin. Ta ɗauko gwangwanin zarenta, ta lashi bakin zare, ta kuskure kafar allura sau uku, a na huɗu ya shige. Baba ya tsaya ƙiƙam da rigar a jikinsa, ya ɗaga haɓa sama, tana ɗinki a ƙasan maƙogwaronsa. Aikin minti biyu ya ɗauke ta kusan goma. Ina ganin hawaye na bin gefen hancinsa, bai ko motsa ya share ba, kar ya girgiza mata hannu.

Da ta ciji zaren ta ja baya, sai na ga maɓallin ya ɗan karkace, wuyan rigar ya hau gefe guda. Na ɗauko almakashi.

"Baba, tsaya in warware a daidaita, mutane za su gani."

Ya dafe maɓallin da tafin hannu.

"To su gani mana," ya ce. "'Yata ce ta ɗinka. Ku wuce mu tafi, likita na jira."